Karen da Ya Gyaɗa Kai

Lyuben ya tsufa a kan teburin zane a wani kamfanin fina-finan katun na Sofiya, babban birnin Bulgeriya, da madubi a gabansa. Haka sana'ar take: kafin ka zana motsin fuska, sai ka yi shi a madubi ka kwaikwaya. Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya wani tsohon littafi ne da ba ɗan makarantar da bai sha haddarsa ba, an mai da mutanen ciki dabbobi. Jarumin kare ne. Kyarketai suka kama shi, suka tambaye shi ko zai nuna maɓoyar 'yan'uwansa, shi kuwa da kai kawai zai amsa. Lyuben ya dubi madubi, ya gyaɗa kai yadda kowane ɗan Bulgeriya ke cewa a'a, ya zana abinsa.

Radka, shugabar aikin, ta same shi yana cin banitsa, wata irin wainar fulawa da cuku.

"Baba Lyuben, Jamusawan da suka sayi fim ɗin sun bugo waya. Wai karenka ya yarda."

"Ya yarda da me? Makafi ne?"

"A wurinsu gyaɗa kai e ne. Ka sa ya girgiza."

"A wurinmu girgiza kai e ne, in ya girgiza ai ya sayar da 'yan'uwansa ke nan! Don mutanen da ba su iya wuyansu ba zan mai da shi maci amana? Su je su koya."

Tsohon akwai taurin kai, amma a nan gaskiyarsa yake gani. Da jikarsa Nevena, wadda aka haifa a Jamus, ta zo hutu, sai ya ja ta kamfanin ta zama shaida. Ya ce wa Radka jini ba ya ƙarya.

Aka kunna wurin a fim ɗin. Kare ya gyaɗa kai. Nevena ta juyo, idonta cike da ƙwalla.

"Kaka, don me ya yarda? Na zata yana son su."

Radka ba ta yi dariya ba, ta fice kawai. Abin ya soki Lyuben ƙwarai, don tun farko saboda yarinyar nan ya karɓi aikin.

Ya zauna gaban madubi, ya haɗe rai, ya fara girgiza kai a hankali, wuyansa yana ƙi. Nevena ta dafa kafaɗarsa.

"Yauwa, Kaka. Ka ga har ka fara iyawa."