Hagun Adda Jaratu

"La'ilaha illallah," in ji Gajere, da ɗan abin da ya rage masa na murya.

Adda Jaratu ta sauke numfashi. Ta ɗaga wa Zakiyya, 'yar Gajere, yatsa, kada wanda ya ƙara cewa uffan. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kekunan ɗinkin bakin titi da tele da aka rage wa murya a kan teburi.

Gajere ya buɗe ido ɗaya, ya karkata shi wajen telen.

"Kun gani ko? Ya sake sakin hagun nan. Ɗan banzan yaro!"

"To, mun koma farko," in ji Adda Jaratu, ta gyara zama a kan 'yar kujerarta.

Abin da ake ta yi ke nan tun hantsi. Kowa ya san yadda aka koyar: mai barin duniya a tuna masa kalmar shahada, in ya faɗa a ƙyale shi, don ta zama ita ce maganarsa ta ƙarshe. In ya sake wata magana, a sake tuna masa. Malaman da suka koyar da haka, Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa zama da Gajere ba.

Gajere mahauci ne, a mayankar Etoudi ya ƙarar da ƙarfinsa. Kafin nan ɗan dambe ne, ya zaga har Garoua da Mubi, kuma babu wanda ya taɓa sayen nama a hannunsa a unguwarsu ta Briqueterie bai tafi da gyaran labarin ba. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da yake ɗaurewa ya kwantar da maza ya koma kamar tsumma. 'Yarsa Zakiyya ta ajiye masa tele don ya rage kaɗaici. Ya ƙi ƙwallo, wa'azi kuma barci yake sa shi. Sai ya ci karo da wani fim ɗin zane na Japan da ake juyawa da Faransanci, labarin wani yaro ninja mai gashi a tsaitsaye. Faransancin Gajere bai wuce na ciniki ba, don haka ya raɗa wa yaron suna Kan-Tsintsiya, ya kuma ɗauke shi almajirin dambe ba tare da ya tambaye shi ba.

Adda Jaratu, maƙwabciyarsa ta bayan katanga, ita ke kawo masa kunu kullum, ita kuma ke shan rahoto.

"Jaratu, yaron nan bai iya komai ba. Runtse ido yake ya afka, kamar mai korar zuma."

Bayan wani lokaci: "Ya fara kafa ƙafa. Ni na faɗa masa."

Can gaba: "Yau ya jira abokin karawarsa ya fara kawowa, ya goce, ya ba shi a haƙarƙari. Daga ƙugu dukan ya taso, ba daga kafaɗa ba. Kin ga amfanin magana?"

"Ai ba ya jin Hausa, Gajere."

"Dambe ba ruwansa da Hausa."

Abu ɗaya ne Kan-Tsintsiya ya ƙi koya. Da zarar ya kai duka da dama, sai ya saki hagu ta yi ta lilo, fuska a buɗe. A wurin ɗan dambe kuwa hagu ita ce garkuwa. Wannan hagun ita ta hana Gajere sakat, ita ce kuma yanzu ta tsaya tsakaninsa da cikawa da kyau, bayan likita ya ce a maido shi gida.

Ita kuma Adda Jaratu alkawari ne a wuyanta. Ranar da Ma'u, matar Gajere, za ta rasu, ta riƙe hannunta ta ce, "Jaratu, kin san mutumin nan da baki. In kin ga ranarsa, kada ki bari ya tafi da shirme a bakinsa." Ta amsa da sauri a lokacin, don ba ta san Japanawa za su shigo cikin maganar ba.

Bayan azahar Malam Baha'uddeen, na'ibin masallacin layin, ya yi sallama ya shigo. Ya dubi majinyacin, ya dubi telen, ya ɓata rai.

"Subhanallah! Mutum yana wannan hali ga 'yan tsana suna tsalle a kansa? Zakiyya, kashe wannan abu."

Zakiyya ta kashe.

"Uban wa ya kashe?" in ji Gajere.

Sai ya juya fuska bango, ya ɗinke bakinsa. Malam ya matso, ya yi shahada a hankali kusa da kunnensa. Shiru. Ya maimaita da ɗan ƙarfi. Shiru. Gajere na numfashi, a farke yake, amma ya yi fushi da kowa.

"Malam," in ji Adda Jaratu, "ɗazu yana faɗa yana ɓatawa. Yanzu ko faɗin ba ya yi. In ya tafi a haka, maganarsa ta ƙarshe 'uban wa ya kashe' ce. Kai za ka je ka yi wa Ma'u bayani?"

Malam ya yi gyaran murya, ya ce lokacin la'asar ya gabato, zai dawo. Ko takalminsa bai gama sawa ba aka kunna telen.

Adda Jaratu ta ja Zakiyya tsakar gida, gefen famfo. Hadari ya haɗo ta wajen Nkomkana, hayaƙin masu soya ya kwanto cikin lungu.

"Ke kin kalli abin nan da 'yan'uwanki kuna yara. Gaya mini, yaushe Kan-Tsintsiya yake ɗaga hagun? Mu tsallaka can, ya gani, hankalinsa ya kwanta."

Zakiyya ta share ido da bakin zani, ga dariya na neman ƙwace mata.

"Adda, har aka gama bai ɗaga ba. Daga baya ma siddabaru ya koya, yana hura iska mutane na zubewa."

"Duk wahalar da Gajere ya sha a kansa?"

"Wallahi."

Adda Jaratu ta dubi ruwan da ke ɗiga daga famfo. 'Ya'yan Gajere maza biyu ne: Najib ya kama tuƙin moto, babur ɗin haya, Sabiru ya bi ƙwallo. Babu wanda ya taɓa miƙa masa hannu ya ce, Baba, ɗaura mini. Mutumin nan ba telen yake so ba. Shekara da shekaru yana magana, bai sami wanda zai ce "to" ya gyara ba.

Ta koma ɗaki, ta kashe telen da kanta.

"Jaratu, ke ma?"

"Rabu da shi, ba ya jin magana. Ga ni."

Ta cire mayafinta, ta naɗe shi a hannun dama, ta dunƙule. Ta tsaya a gaban gadon, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Gajere ya buɗe ido biyu, abin da bai yi ba tun jiya.

"Wannan tsayuwar ta masu jiran taksi ce. Ƙafar hagu gaba."

Ta matsar.

"Ba can ba, za ki faɗa kaina. Rage tsawo. Haɗiye haɓar nan."

"Haɓar tawa ce zan haɗiye?"

"Ki yi abin da aka ce. Kawo duka."

Ta kai wa iska naushi, awarwaronta ya yi ƙara. Zakiyya ta toshe baki da hannu biyu a bakin ƙofa.

"Kin saki hagu! Ke da shi duk ɗaya!"

"To yaya ake yi? Faɗa mini, ina ji."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga hagunsa, wadda ita kaɗai ta rage masa, ya miƙa ta gaba, tafi a buɗe, daidai fuska.

"Haka. Ko me dama ke yi, ita tana nan. Ba ta zuwa ko'ina."

Adda Jaratu ta ɗaga tata. Ta kai duka da dama, hagu na nan. Ta sake kaiwa, hagu na nan.

"Yauwa," in ji Gajere. Hannunsa ya koma kan bargo. "Yauwa. Haka ake yi."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Daga bayan tafin hannunta, kamar da kanta take magana, Adda Jaratu ta ce, "La'ilaha illallah."

"La'ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah," in ji Gajere, tiryan-tiryan.

Idonsa bai bar hannunta ba. Nan ta gane halin da ta jefa kanta: in hagun nan ta sauka ko da kaɗan ne, sai ya yi magana.

Ta tsaya. Kafaɗarta ta fara zafi, zafin ya gangaro gwiwar hannu. Ƙuda ya sauka a kan hancinta, ya yi yawonsa, ya tashi don kansa. Malam Baha'uddeen ya ɗaga labule, rigarsa a jiƙe, ya tarar da tsohuwa ta ja ɗamarar dambe a kan mai jinya. Ya buɗe baki. Zakiyya ta ɗora yatsa a leɓenta, hawaye na zuba, ta girgiza masa kai. Malam ya dubi Gajere, ya dubi hannun, ya mai da bakinsa ya rufe. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana motsa leɓe.

Hannun ya fara saukowa da kansa. Girar Gajere ta motsa. Adda Jaratu ta cije, ta mai da shi sama. Girar ta kwanta.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Ta dai ga bargon yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, sannan ta ga ya daina.

Zakiyya ta matso ta shafe idon mahaifinta. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam.

"Adda, ya cika. Sauke."

"Ya ƙi sauka, 'yar nan."

Zakiyya ta kama hannun da nata biyu, ta sauko da shi a hankali har ya kwanta a gefen zanin tsohuwar. Sannan ta durƙusa ta fara warware mayafin daga ɗayan, ruwa na ta zuba a kan kwano.