Sawun Ɓera a Kan Fulawa

Kafin kowa ya ga ɓera a gidan burodin nan, Baba Mai Sito ya riga ya ga kashinsa. Ƙwaya uku, baƙaƙe, a bayan buhun sukari. Ya faɗa, aka yi masa dariya, wai tsufa ne ya fara taɓa masa ido. Mutumin da ya shekara arba'in yana tsaron fulawa, bai taɓa shiga aji ba, amma hancinsa ya fi takardar kowa aiki.

Sai da ɓeraye suka huda buhu shida sannan Manaja, ɗan marigayi maigidan, ya zo da mai feshi, tanki a baya, ledar maganin ɓera a hannu.

Baba ya jawo kujerarsa ya dasa a bakin ƙofar sito.

"Baba, a ba mu hanya," in ji Manaja.

"Hanyar ina? Abin da mutane za su ci za ka yi wa wanka da guba?"

"Kaɗan zai sa."

"Haka aka ce mini zamanin mahaifinka. Mu uku muka kwashe buhuna bayan feshi. Kwana tara na yi a asibiti, biyun nan ba su sake ɗaukar kaya ba. Ni kuwa mutuwa ta ɗanɗana ta tofar."

Mai feshi ya ce, "Tsoho, sana'ata ce fa."

"To ka je ka gwada a tukunyar gidanku, in ka kwana lafiya ka dawo."

Ran Manaja ya ɓaci. "Kwana uku na ba ka. Buhu ɗaya ya sake hujewa, ka ajiye mukulli ka tafi gida."

"Uku sun yi yawa, ɗana."

Ranar Baba ya janye buhuna daga jikin bango, ya ɗora su kan katako. Ya ɗaure famfon da ke ɗiga, ya share sito tas. Sannan ya ɗauki rariya ya tankaɗe fulawa a ƙasa, bango zuwa bango, ya kulle.

Da safe ya tara masu kwaɓa da masu gashi, ya aika aka kira Manaja, sannan ya buɗe. Ga sawu nan raɗau, har da layin da wutsiya ta ja. Baba ya bi shi a duƙe kamar mai neman allura. Sawun bai nufi titi ba. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofar baya, ya miƙe ofishin Manaja, ya shige bayan tebur. Nan ramin yake, kusa da kwandon da Manaja ke zuba ragowar abincin rana.

Masu kwaɓa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya.

"Ashe baƙinka ne," in ji Baba. "Kai kake ciyar da su, ni suke zuwa wa yawon shan iska."

Manaja ya duƙa. Da hannunsa ya fitar da kwandon.

Baba ya cusa fasasshiyar kwalba a ramin, ya liƙe da siminti, ya buga gwangwani a ƙasan ƙofa, ya ɗana tarko biyu. Kafin kwana ukun su cika ya jera ɓeraye biyar a tsakar gida.

Mukullin yana nan a ƙugunsa. Wanda ke musu, sito a buɗe yake. Ya zo ya juya buhunan ɗaya bayan ɗaya. In ya sami huda ko ta bakin allura ce, Baba ya ce da kansa zai kwance mukullin ya damƙa masa.