Layin Ƙarshe a Littafin Gidan Entwistle

A gidan Entwistle namiji ba ya aure sai gona ta zama tasa. Haka aka gada, kuma Silas, babban ɗa, ya bi al'adar sau da ƙafa. Shekara goma sha tara yana kiwon tumakin ubansa a kan tudu, budurwarsa Keziah tana jiransa, tsohon kuwa ya ƙi mutuwa sai da ya leƙa casa'in. Ranar auren ango da furfurarsa, amarya tana dab da arba'in.

Ƙanensa Jabez bai jira kowa ba. Yana ɗan sha takwas ya gangara birnin Bolton ya kama aiki a masaƙar auduga. Da ya ga duk Asabar ana biyansa lada, ba sai wani ya mutu ba, kafin shekara ta zagayo ya auri Hetty mai kaɗa zare. Silas ya ce yunwa za ta koro shi gida. Shiru kake ji. Abin da ke kawo Jabez kan tudu ɗaya ne, haihuwa.

Babban Littafi Mai Tsarki na gidan yana hannun Silas, kuma a shafin farko ake rubuta duk wanda aka haifa, sunansa da na ubansa. Shafin ɗaya ne tak. Uwarsu ta haifi takwas, shida na da ɗan gicciye a gefen suna, aikin agana da zazzaɓi. Na Jabez tara ne, ba gicciye ko ɗaya. Likita ya yi musu lambar agana a hannu, ga dankali suna ci kamar gara, ga rigunan auduga da Hetty ke wankewa duk mako. Silas ba ya fatan mutuwar ɗan kowa, Allah ya sani. Amma in ya dubi jerin nan sai hassada ta kama shi, kuma ya san da haka.

Layi ɗaya ya rage a ƙasan shafin. Silas ya daɗe da ajiye wa ɗansa shi, ɗan da ko cikinsa ba a yi ba. Har ya taɓa auna wurin da farce, ya ga sunan zai shiga: Silas, ɗan Silas.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci sai ga Jabez da ayarinsa, Hetty rungume da jariri.

"Yaya, fiƙe alƙalami," in ji Jabez yana dariya. "Mun cika goma."

"Ku ba ku gajiya? A ɗaki ɗaya kamar zomaye?"

"Biyu ne yanzu. Masaƙa na neman hannaye, mu kuwa muna kawowa."

"Tawada ta bushe."

"Bara ma haka ka ce, sai da Keziah ta ɗiga mata ruwa."

Silas ya ɗora tafinsa a kan littafin. "Layi ɗaya ya rage, Jabez. Ka ci tara. Ni na zauna da Baba, ni na kwashe kashinsa kana can kana tara 'ya'ya. Wannan nawa ne. Ka rubuta naka a bangon masaƙa."

Dariyar Jabez ta ɗauke. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa.

Keziah ce ta taso daga bakin murhu. Ta ɗauko kwalbar tawada, ta ɗiga ruwa, ta ajiye a gaban mijinta.

"Rubuta masa, Silas."

"Ke ma?"

"Ba mai zuwa," ta ce a hankali, yadda yara ba za su ji ba. "Tun kakar bara abin ya ɗauke mini. Na rasa bakin gaya maka ne, kullum ina ganinka kana shafa layin nan."

Silas ya daɗe yana kallonta. Ita ce yarinyar da ya ce ta jira shi kaɗan, tana 'yar ashirin. Sai yau ya lura gashinta ya yi fari kamar nasa. Haushin da ya ɗauki shekaru yana tara wa Jabez ya rasa inda zai sauka.

Ya buɗe littafin, ya tsoma alƙalami.

"Wane suna?"

Jabez ya sosa ƙeya. "Mun yi maka takwara, Yaya. Hetty ta ce kada sunan ya ɓace a gidan."

Da zagi ne da Silas ya san abin da zai mayar. Ya sunkuya ya rubuta Silas, baƙi bayan baƙi, sunan ya zauna daidai inda ya auna da farce. Ya tsaya har tawada ta fara bushewa a bakin alƙalami. Sannan ya sake tsomawa, ya rubuta: ɗan Jabez.