Jan Bargo a Saman Bene

Autata ba ta kirana sai iska ta ɓaci. Aikinta ke nan, wai. Tana can wani gari mai nisa, zaune gaban kwamfuta, tana duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. In gobarar daji ta tashi, ita ke bin hayaƙin ta ga inda ya dosa. In ƙurar hamada ce ta taso, haka. Ta ce a hoto hayaƙi toka-toka yake, ƙura kuwa kalar shayi da madara. Da ta ga ɗayansu ya nufo garinmu sai wayata ta yi ƙara.

"Mama, rufe tagogi. Ki jiƙa tawul ki toshe ƙasan ƙofa. Maganin asmarki na kusa?"

"Sannu, likita. Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni, Mama. Ana jirana, zan sake kira."

Ina! Sai wani hayaƙin. Tun rasuwar babanta ni kaɗai ce a gidan nan, ni da agogon bango da firij mai gurnani. Kaɗaici yana cina, ba zan ɓoye ba. Har ta kai ta kawo in na ga sama garau sai raina ya ɓaci. Jama'a na hamdala, ni ina tsaki.

Wata rana na riƙe ta kafin ta kashe. Na ce, "Ke, wannan tauraron naku, yana ganin gidanmu?"

Ta ce, "Yana wucewa ta kanku kullum da hantsi, Mama."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Washegari na ciro jan bargon da take lulluɓa da shi tun tana firamare, na ja gwiwoyina har saman bene inda muke shanya, na shimfiɗa shi, na danne gefunan da bulo. Na zauna kusa da shi a kan bokiti, na gyara ɗankwali.

Matar tela, maƙwabciyata ta ƙasa, ta hau da wankinta ta tsaya tana kallona. "Iya, bargon nan bai bushe ba har yanzu?"

"Hoto ake ɗaukata. Matsa, kina tare ni."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ko a jikina.

Da Auta ta sake kira na faɗa mata, na ce ta duba da kyau. Can ta ce, "Na gani, Mama. Ga shi nan, ja." Wallahi ranar ko tari ban yi ba. Daga nan kiranta ya ɗan ƙara tsawo. In ta gama lissafin taga da tawul, sai in ce, "Yau fa?" ta ce, "Na gan ki." Ni kuwa kullum da hantsi ina sama, ko gwiwa ta yarda ko ta ƙi.

Ana nan matar tela ta haihu, cikin sanyi, jaririn ɗan mitsitsi. Hannuna babu abin kirki, sai na ninke jan bargon na kai mata. Na ɗauko koren bargon marigayi mijina na ci gaba da shimfiɗawa. Na ce bari in yi shiru, in ga ko Auta za ta lura ta yi min tsiya.

Ranar da ta kira ina saman, ga koren a gabana, rana na dukansa.

"Mama, hayaƙi na tafe, gobe zai iso muku. Mai kauri ne, don Allah kada ki fita."

"Na ji. Yau fa?"

"Na gan ki mana. Ga jan bargonki nan, sai ƙyalli yake."

Na dubi bargon. Kore shar. Ashe tauraron nan hayaƙi yake gani da ƙura, tsohuwa a kan bokiti ta yi masa ƙanƙanta.

"Mama? Kina jina?"

"Ina jinki. Allah ya yi miki albarka."

Na kwashe bulon, na ninke koren, na sauko a hankali ina dafa bango. A ƙofar matar tela na tsaya na yi sallama. Na miƙa mata na marigayi, na ce ya fi ɗumi, ta ba ni jan. Ba zan bari 'yata ta zama maƙaryaciya ba.