Katin Lisakhanya a Cikin Kwali

Nozibele ta sha faɗa daga baya cewa ita wanki ta je yi, bincike bai kai ta ba, kuma rabin maganar gaskiya ne. Ranar Asabar ta ɗauko rigar makarantar 'yarta Lisakhanya za ta jiƙa, ta lalubi aljihun ciki don kada wata takarda ta narke a ruwa, sai ta zaro kati. Katin asibitin ƙauyensu ne, sabo fil, da sunan yarinyar. An rubuta ranaku biyu da suka wuce da shuɗin biro, da ta uku mai zuwa, Laraba. Ba a rubuta ciwo ba. Ciwo a fayil yake zama, fayil kuma a asibiti.

Yarinyar da ko kanti za ta sai ta ce "Mama, na fita", ta je asibiti sau biyu ita kaɗai. Nozibele ta mayar da katin, ta sa mata ido. Ba amai, ba rama, ba ƙiba. Da yamma ta cinye kwano biyu na masara da wake, ta nemi ƙari. Iyaye mata na son cewa kallo ɗaya ya ishe su su karanta 'ya'yansu. Nozibele ta yi wuni biyu tana kallo, abin da ta karanta kawai shi ne kitson yarinyar ya tsufa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta tare Sista Nomfundiso, ma'aikaciyar jinyar asibitin, wadda suka yi aji ɗaya tun firamare.

"Fundi, 'yarki ta zo wurinku ashe."

"Wace 'yar tawa? Rabin yaran garin nan a hannuna suka faɗo."

"Kada ki yi mini wannan. Lisakhanya."

"Ban ce ta zo ba, ban ce ba ta zo ba." Sista ta gyara zaman hularta. "Doka ta ce yaro in ya kai sha biyu, kuma yana da hankalin gane abin da ake yi masa, yana iya zuwa da ƙafarsa, abin da ya faɗa mini kuma nasa ne."

"Sha biyu! Kina sha biyu ko majina ba ki iya facewa ba, ni ce shaida."

"Shi ya sa ban yi ta da kaina ba, dokar."

"Ina dokar take lokacin da na yi kwana biyu ina naƙuda?"

"Tana ofis tana shan shayi. Zibe, ji nan. Da rayuwar yarinya na cikin haɗari, ba sai kin tare ni a bakin coci ba, ni zan zo gidanki. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Nozibele ta koma gida tana juya maganar. Ita ke ciyarwa, ita ke sa hannu in makaranta za ta kai su yawon buɗe ido, ita hukuma za ta kama in yarinyar ta daina zuwa aji. Amma wata takarda mai sunan da ita ta zaɓa da bakinta, an ce ba hurumin idonta ba ne. Abin ya ɓata mata rai, ya kuma ɗaure mata kai, wanda ya fi ɓacin ran hana ta sakat. Tambayar yarinyar kai tsaye kuwa, ta san amsar: "Ba komai, Mama", da ido a ƙasa.

A asibitin akwai kwali a bakin ƙofa. Kowa ya zo sai ya jefa katinsa ciki ya nemi benci. Magatakarda ya kwashe, ya zaro fayil-fayil, ya miƙa wa kowa nasa ya kai ɗakin Sista da hannunsa. Mutane na zuwa da katin kakanninsu su karɓar musu magani, ba mai tambaya. Daga tebur zuwa ɗakin Sista taku ashirin ne, Nozibele kuwa ta iya karatu da sauri. Da sassafen Talata, yarinyar na wanka, ta zare katin, ta je asibiti ta jefa shi a kwalin.

Abu biyu ta manta. Talata ranar masu hawan jini ce, duk wata tsohuwa mai baki a ƙauyen tana kan benci da bargonta. Magatakardan kuma, Zwelinzima, ya yi shekara tara yana kiran fasinja a tashar motar garin Dutywa kafin ya sami wannan aiki, muryar ba ta bar shi ba.

"Lisakhanya Ndzendze!"

Hira ta tsaya cak. Nozibele ta kasa motsi.

"Lisakhanya Ndzendze! Ko ta tafi ne?"

"'Yar Nozibele?" in ji tsohuwa MaRhadebe, wadda labari bai taɓa wuni a bakinta ba. Ta waiga hagu da dama. "Yarinyar nan ta makaranta? Tana da kati nata na kanta? Au, ga ma uwar nan."

Nozibele ta miƙe. "Kunne ne, Mama. Kunnenta ke ruwa, na zo karɓa mata magani."

"Kunne," in ji MaRhadebe a hankali, tana duban ta kusa da ita. "Allah ya sauwaƙe. Mu ma a zamaninmu da kunne yake farawa."

Aka kwashe da dariya har da masu tari. Zwelinzima ya miƙo fayil ɗin, siriri, mai ruwan ƙasa, bai kai nauyin wasiƙa ba. Ga shi a hannunta. Amma ido talatin na biye da ita, kuma wadda ta san kunne ne ba ta tsayawa a hanya ta buɗe takarda tana haɗiyar yawu. In ta buɗe, ta gaya wa benci uku cewa ita ma ba ta sani ba. Ta rungume shi a ƙirji ta yi takunta ashirin, kai a sama.

Sista Nomfundiso na tsaye a bakin ƙofa, ta ji kiran. Ta zare fayil ɗin daga hannunta, ta sa a aljihun tebur, ta rufe ƙofa.

"Wata biyu yarinyar nan tana shigowa ta ƙofar baya bayan an tashi makaranta, ba wanda ya gan ta. Ke kin zo kin ba Zwelinzima sunanta ya yi shela."

"To ashe ta zo."

"Kin ci wannan. Je ki dafa shi ki ci." Sista ta zauna, ta dafe goshi. "Mu ma da laifinmu, fayil ɗin yaro bai kamata ya bi kwalin nan ba, zan gyara. Amma gobe ba za ta zo ba, Zibe, kuma tana bukatar ta zo."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta rako Nozibele har gida.

Da yamma Lisakhanya ta dawo, ba ta cire takalmi ba ta tsaya a ƙofar kicin. Labarin ya riga ya same ta a hanya.

"An ce kunnena na ruwa."

"Ni na ce." Nozibele ta ajiye katin a kan tebur. "Na ɗauka, na kai, ban karanta ba. Ba don kirki ba, hanya ce ban samu ba."

"Da kin tambaye ni."

"Da kin faɗa?"

Yarinyar ta yi tunani da gaske. "A'a."

"To kin gani."

"Ba zan sake taka asibitin nan ba, Mama. Ko mutuwa zan yi."

"Sista ta ce dole ki je. Akwai na Dutywa, ba wanda ya san ki can. Za ta rubuta miki takarda." Nozibele ta goge teburin da ba shi da datti. "Amma ba za ki hau mota zuwa gari ke kaɗai ba, wannan kam ko dokar ta zo da kanta."

"Za ki zauna a waje?"

"A waje."

"Ba a benci ba. Wajen shinge."

Washegari, a wajen shingen asibitin Dutywa, Nozibele ta zauna a kan bulo kusa da mai sayar da fanke, tana kallon 'yarta ta shige gini mai ƙofofi huɗu, kowace da allon da ke faɗin masu wane ciwo ke shiga. Daga inda take, in ta ɗan miƙe tsaye, za ta hango wadda yarinyar ta nufa. Ta sa hannu a gwiwa kamar za ta tashi. Mai fanken ta tambaye ta ko wani take jira.

"'Yata ce a ciki."

"Me ke damunta?"

"Ban sani ba," in ji Nozibele. Ta gyara zama a kan bulon, ta ce a naɗe mata guda biyu masu zafi.