Tafiyar Yaya a Jikin Dodo

Ɗan yayata ya saci tafiyar uwarsa ya ba dodo. Laifinsa ke nan, kuma ba zan shafa masa zuma ba don jinina ne.

Injiniya muke ce masa a gida, tun yana ɗan shekara bakwai da ya kwance rediyon wani mutum a shagona ya kasa mayarwa. Ni gyaran rediyo da talabijin nake yi. Ban zauna a aji na koya ba, wuta ce ta yi ta ja na har na gane halinta. Da ya samu shiga jami'a ya ce zai karanta fasahar haɗa hoto da sauti da motsi a kwamfuta, dangi suka ce wasan yara ne. Ni na tsaya masa. Na ce duk abin da ake zama shekara huɗu ana koyo ya wuce wasa.

Uwarsa, wato Yaya, wanki da guga take yi a wani asibiti. Shekara goma sha tara da suka wuce ta zame a matakala da kwandon zannuwan gado a kanta, ƙashin ƙugunta na hagu ya karye, ya haɗe a karkace. Tun daga ranar tafiyarta ta zama tata ita kaɗai. Takan jefa ƙafar dama, ta jawo ta hagu a kaikaice, kafaɗa ta faɗa gefe, hannun dama ya tafi baya kamar mai korar kaji. In ta yi taku uku sai ta ɗan dakata. Mu da muka saba mun daina gani.

A shekararsa ta ƙarshe ya zo ya durƙusa gabanta, ina zaune.

"Umma, akwai wata na'ura a sashenmu da ke auna tafiyar mutum. In aka auna taki, sai a yi miki takalmin da zai daidaita ƙafar."

"Icen da ya bushe a karkace shi za ka miƙe?" in ji ta.

"Ki dai zo. Awa ɗaya ce."

Ta kalle ni. Na ce, "Yaya, ki je. Ni ma zan rufe shago in raka ki, in ga abin da ya hana shi zuwa gida hutu."

Ɗakin da ya kai mu ba taga, bangonsa baƙi, ƙasansa shimfiɗe da toka-tokar darduma an ja mata farin layi. A sama, kewaye da ɗakin, kyamarori ne a jere, na ƙirga goma sha shida, kowace da jan zobe a bakinta kamar idon da ya sha hayaƙi. Wata ɗaliba ta ja Yaya bayan labule ta ɗaura mata wasu 'yan fararen ƙwallaye a idon sawu, da gwiwa, da ƙugu, da kafaɗa, da gwiwar hannu, har da goshi. Ta fito tana duban kanta.

"Yau na ga ikon Allah. Da tsufana an yi mini ado da ƙwan ƙadangare."

"Mama, wallahi ya yi miki kyau," in ji ɗalibar.

"To ki ajiye, ranar aurenki sai a ɗaura miki."

Injiniya ya zaunar da ni gaban wani babban allon kwamfuta a kusurwa, ya ce wa uwarsa ta bi farin layin. Ta fara tafiya, bayanta na fuskantarmu.

Abin da na gani a allon nan har gobe ban gama mamakinsa ba. Da farko ɗigo-ɗigon haske ne a cikin duhu, kamar taurari. Ya taɓa wani abu, sai layuka suka haɗa ɗigon, suka zama mutum. Ba fuska, ba tsoka, ba zane, ba kallabi. Amma yayata ce. Da za a jera mini irin waɗannan dubu, da zan nuna ta ban yi inda-inda ba. Ga jefa ƙafar, ga faɗuwar kafaɗar, ga hannun nan da ke tafiya baya, ga dakatawar bayan taku uku. Ashe bayan fuska da murya, Allah ya buga wa kowane bawa hatimi a tafiyarsa, mu ne ba mu da idon gani sai da aka cire mana naman.

Na ce, "Kai, yaya ake yin wannan?"

"Kawu, kyamarorin nan haske suke fitarwa wanda ido ba ya gani. In ya bugi ƙwallayen sai ya dawo. Kwamfuta tana lissafa inda kowace ƙwallo take, fiye da sau ɗari kafin ka ƙifta ido sau biyu."

Ni da na shekara talatin ina bin waya da ƙarfen narka dalma, sai na ji kamar ranar na fara ganin lantarki.

"Motsin nan an ɗebe shi ke nan, kamar ruwa a tulu," in ji shi. "Duk jikin da na ga dama zan iya zuba shi."

Na ji maganar, ban tauna ta ba. Ya sa ta zauna a ƙasa ta tashi, sau biyu. Ta dafa gwiwa, ta yi nishi, ta miƙe, mutumin hasken ma ya dafa gwiwa ya miƙe. Da aka gama ta ce a nuna mata, ya ce sai an gyara. Ya miƙo mata wata takarda ya ce ta takalmi ce, ta sa hannu. Tabarauna yana aljihu. Ban ciro shi na karanta ba, idona yana kan allo. Wannan kasona ne a laifin, na ɗauka.

Wata biyar duk sanda ta tambaye shi takalmi sai ya ce ana kan aiki.

Ranar da ɗaliban ƙarshe ke baje ayyukansu aka gayyaci iyaye. Yaya ta karɓi hutun yini, ta goge kayanta da kanta har karin zanen yana iya yanka hannu. Muka isa bayan azahar. Zaure ne babba, kowane ɗalibi da kusurwarsa. Wata yarinya ta sa mu yi magana a makirufo, muryar ta zama launi a bango: tawa ta fito ƙasa-ƙasa mai kauri, ta Yaya ta fito ruwan ɗorawa tana tsalle. Wani ya ɗaura mini abu kamar ƙaton tabarau a fuska, sai ga ni tsaye a cikin wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka rushe tun kafin a haife shi, ya sake gina ta daga tsofaffin hotuna. Na miƙa hannu zan dafa benci, na dafa iska. Wata kuma ta yi wa makafi taswirar da ke magana in an shafa ta. Na ce a raina, waɗanda suka kira wannan wasan yara su zo su gani.

Amma inda mutane suka fi cika shi ne wurin Injiniya. An ba shi allo mafi girma, ya kusa cin rabin bango. Wasan kwamfuta ne. Daji ne a ciki, kuma ban taɓa ganin daji irinsa ba ko a ido biyu: kowane ganye da motsinsa, rana tana ratsowa ta tsakanin rassa, rafi yana gudu har kana hango tsakuwar ƙasansa. Wani ɗalibi yana riƙe da abin sarrafawa, yana tafiyar da ɗan maharbi a cikin dajin. Yaya ta kama hannuna.

"Shi ya yi wannan? Da hannunsa?"

"Shi ne, Yaya."

"Yaron da ko layi bai iya ja a miƙe ba."

Sai ƙasa ta tsage a cikin allon, wani dodo na laka ya fito, ƙato, mai kan kwaɗo da ido ɗaya, ya biyo maharbin. Ya jefa ƙafar dama. Ya jawo ta hagu a kaikaice. Kafaɗarsa ta faɗa gefe, hannunsa ya tafi baya. Ya yi taku uku ya dakata.

Zauren ya fashe da dariya. Maharbin ya jefe shi da dutse, dodon ya faɗi, ya dafa gwiwa, ya miƙe.

Na juya na dubi Yaya, sai na ga ita ma dariya take yi har tana share ido. Mutum bai taɓa ganin bayansa ba, balle tafiyarsa.

"Allah sarki," ta ce, "wannan ma ƙugu ne ke damunsa. Ku daina jifansa mana!"

Na hango Injiniya a gefen allon, malamai suna ba shi hannu. Idonmu ya haɗu, ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ne ya rage a raina: in fitar da ita ta bayan mutane kafin ta gane.

"Yaya, zo mu fita ta nan, zafi ya yi yawa."

"In fita ban gaida malamarsa ba? Ka taɓa ganin an yi haka?"

Ta saki hannuna. Malamar, wata mace mai furfura da ke shugabantar sashen, tana tsaye a ɗaya ɓangaren, kuma babu hanya sai ta filin da ke gaban allon. Yaya ta shiga filin. Ita tana tafiya a ƙasa, dodon yana tafiya a sama da kanta, ƙafa ɗaya, kafaɗa ɗaya.

Wani mutum mai kwat, uban wani ɗalibi, ya buga tafi.

"Kai! Ku dubi Mama! Wallahi ta kwaikwaye shi sak! Mama, a ƙara, a ƙara!"

Ba da mugunta ya faɗa ba, ya ɗauka wasa take yi. Mutane suka juyo, aka sake dariya, wasu suka ɗaga waya. Yaya ta tsaya. Ta dubi mutumin, ta ɗaga kai ta dubi allon. Ta daɗe tana kallo, har dodon ya yi taku uku ya dakata, ya sake uku ya dakata. Dariyar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Mai kwat ya sauke hannunsa.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Injiniya, takalmin ke nan?"

Malamar ta taka da kanta ta kashe allon. Ta ce a kawo wa Yaya kujera, ta tura aka ɗauko fayil ɗinsa, ta shigar da mu wani ƙaramin ofis mu huɗu. Ta karanta takardar da Yaya ta sa wa hannu. An rubuta cewa ta yarda a yi amfani da motsinta a wasan kwamfuta.

"Mama, abin da ya gaya miki ke nan?"

"Takalmi ya ce mini, 'yata."

Malamar ta juya gare shi. Ya fara magana da sauri.

"Malama, ba fuska, ba suna, lambobi ne kawai. Wata biyu ina ƙoƙarin haɗa tafiyar da hannu, duk wadda na yi sai ta fito kamar ta 'yar tsana. Tata ce kaɗai ta yi rai. Ban zaci wani zai gane ba."

"Tun shekarar farko me muka gaya muku game da jikin mutane?"

Ta sake jefa masa tambaya.

"Kawunka ya gane?"

"Kafin ya gama taku na biyu," na ce.

Na so in ƙara, amma ba ni ke da magana ba. Malamar ta ce wa Yaya motsin nata ne, in ta ce a goge, yanzu za a goge a gabanta. Yaya ta murza bakin mayafinta.

"A goge. Amma kafin nan a nuna mini na farkon. Wanda babu dodo a ciki."

Malamar ta juyo da kwamfutar teburinta. Ɗigon hasken suka fito a cikin duhu, layuka suka haɗa su, mutumin ya fara tafiya. Yaya ta matso da kujera har numfashinta yana taɓa allon. Ta sa a maimaita, aka maimaita. Ta miƙa yatsa ta bi ɗigon ƙugun yadda yake nutsewa yana tasowa, yana nutsewa yana tasowa, bai taɓa faɗuwa ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Haka nake zuwa asibiti kullum?"

"Haka, Yaya."

"Da kwando a kai?"

"Da kwando a kai."

Ta gyaɗa kai. "To ai na yi ƙoƙari. Goge, 'yata."

Ilimin nan babba ne, na gani da idona, kuma ko gobe aka buɗe zauren zan koma. Na'ura ba ta yi wa kowa ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta riƙe da amana. Wanda ya ci amana ɗan da aka haifa ne, aka yi masa wanki da guga har ya kai inda ya kai.

Kwamitin sashen ya zauna bayan mako biyu. An soke aikinsa, an ba shi sifili, an cire sunansa daga masu fita a bana, zai maimaita shekara. A gida kuma uwarsa tana amsa gaisuwarsa, tana sa a zuba masa abinci. Amma in ya shigo ɗaki tana zaune, ba ta tashi sai ya fita.