Gawar da Ba a Wanke Ba

Tun da rikici ya sa aka rufe hanyoyin fita daga unguwar Kilomita Biyar, Nata'ala ya daina shimfiɗa tsofaffin littattafansa a bakin Titin Koudoukou. Mai neman garin rogo ba ya tsayawa kallon takarda. Sai Nata'ala ya koma barandar wani kantin yadi da aka kulle. Bayan la'asar yakan buɗe littafi, ya karanta Faransancin a zuci, ya juya wa mutane da Hausa, inda Hausar ta gagari samari ya cika musu da Sango, yaren garin.

Ya gwada musu na soyayya, suka watse. Ya gwada na ban dariya, ba wanda ya dara. Wanda ya riƙe su shi ne wani mai yagaggen bango, labarin wani ɗan sandan ciki a wani birnin Turawa lokacin da jirage ke yi musu ruwan bama-bamai. Kullum ana loda gawawwaki a mota kamar itace, shi kuwa ya kafe a kan gawar mutum ɗaya da aka tsinta cikin ɓaraguzai, yana cewa wannan ba bam ne ya kashe shi ba.

"Kai ma dai, Malam," in ji Kubura, tsohuwa mai tuyar ƙosai. "Muna cikin wuta kana hura mana wata." Amma kullum ita ke riga kowa ajiye kujera.

Har Audi yana zuwa. Shi ne shugaban samarin da ke gadin layin, yakan saurara daga kan babur ɗinsa, bindiga a cinya.

"Wannan ɗan sandan ba shi da aikin yi," yakan ce. "Gari ya ƙone ƙurmus, shi yana cigiyar wanda ya ƙona tabarma."

A ƙarshen barandar Hureira take zama, ba ta cewa komai. Ƙaninta Zayyad yana kwance cikin kabari a bayan gidansu, ƙarƙashin mangwaro, domin maƙabarta ta faɗa can ɓangaren da Musulmi ba ya zuwa ya dawo. Zayyad kuwa, lokacin yana da rai, yakan je ya dawo. A unguwar Miskine ta can ɓangaren suka girma, Sango a bakinsa kamar ruwa. In zai ƙetare, sai ya cire hula, ya sa wandon jins da rigar ƙwallo, ya je wurin tsohuwar maƙwabciyarsu, Kirista ce, ya karɓo wa marasa lafiya magani. Wasu na sa masa albarka. Wasu na cewa wanda ke shiga cikin masu adduna ya fito da kansa a wuya, akwai abin da yake kai musu.

Wata safiya aka tsince shi a magudanar ruwan da ta raba unguwar da waje. Samarin Audi ne suka kawo shi. Ranar ana ta harbi, liman bai samu fitowa ba. Audi ya tsaya a tsakar gida ya ce mutanen waje ne suka kashe shi, shahidi ne, shahidi kuwa ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da kayan jikinsa ake rufe shi. Ba wanda ya yi musu. Wa zai so ya rage wa mamaci daraja? Hureira tana ɗaki cikin mata, ta labule ta hangi ƙafafunsa kawai da gefen rigarsa.

Ranar da karatu ya kai inda ɗan sandan ya hana a rufe gawar, ya sa aka tuɓe ta yana duba ta gaɓa-gaɓa, Hureira ba ta tashi da aka watse ba. Ta jira Nata'ala ya gama naɗe tabarma.

"Baba Nata'ala, mutumin nan na littafi, ɗan'uwan mamacin ne?"

"A'a. Bai ma taɓa ganinsa da rai ba."

"To me ya sa ya damu?"

"Haka marubucin ya yi shi, 'yata."

"A can ma mutane sun koma lissafi," in ji ta. "Yau kaza, gobe kaza. Shi kaɗai ne ke tambayar wannan wane ne. Shi ya sa nake zuwa." Ta ja mayafinta. "Kana cikin waɗanda suka sa Zayyad a rami. Wace riga ce a jikinsa?"

Nata'ala ya duba titi hagu da dama. "Farar jallabiya."

"Ƙafarsa fa?"

"Silifa ɗaya. Irin na alwala."

"Wandonsa na ƙetarewa har yau yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, Baba. Kullum ina ganinsa, amma sai yau na gan shi. Zayyad ba mahaukaci ba ne da zai doshi Miskine da jallabiya. Masallaci ya ce mini za shi."

"Rufa wa kanki asiri, Hureira."

"Akwai sara a jikinsa?"

Dattijon ya rage murya. "Ban ga jini a rigar ba. Hannun rigar ya zame da muna saukar da shi. Akwai shatin igiya a wuyan hannunsa."

Washegari aka cika kamar kullum. A labarin, ɗan sandan ya fara zagayen tambaya, kowa na rufe masa ƙofa. Nata'ala ya tsaya ya kurɓi ruwa. A nan ne Hureira ta yi magana, karo na farko a gaban jama'a.

"Ni da ni ce shi, ba zan wahalar da kaina ba. Tambaya ɗaya zan yi. Wa ya fi kowa gaggawar a rufe gawar ba a buɗe ta ba?"

Kubura ta yi dariya. "Ka ji 'yar sanda! A ba ta hula mana." Wasu suka taya ta, sannan dariyar ta mutu a hankali, domin sun lura Hureira ba littafin take kallo ba.

Audi ya sauko daga babur. Tare suka yi makarantar allo da Zayyad, a kwano ɗaya Hureira ta sha zuba musu abinci.

"Yaya Hureira, baƙin ciki ne ke damunki. Allah ya ba ƙaninki matsayin da kowa ke roƙo. Kada ki ɓata masa."

"Ni na ambaci ƙanina, Audi? Labarin Turawa muke ji."

Ya dube ta, ya dubi mutane. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya miƙa hannu ya zare littafin daga hannun Nata'ala, ya soka a aljihun baya.

"Wannan karatun yana sanyaya wa jama'a gwiwa. Daga yau an daina. Masu tsaron ranku ba su barci, ku kuna nan kuna koyon zargi."

Ya tayar da babur ya tafi. Kubura ta ɗauki kujerarta ba ko sallama.

"Saura kaɗan ya ƙare," in ji wani daga baya. "Malam, an kama wanda ya yi kisan?"

"An san shi," in ji Nata'ala. "Babba ne a cikin masu tsaron birnin. Ba a kama shi ba."

Washegari da hantsi Hureira ta aika a kira Nata'ala. Ya same ta ƙarƙashin mangwaro, ta share kabarin, ta ajiye buta cike da ruwa.

"Na tambayi liman, ban faɗi suna ba," in ji ta. "Ya ce wanda ya faɗi a fagen fama ne ba a yi wa wanka da salla. Wanda aka ɗaure aka kashe a cikin gari, ana yi masa kamar kowa. In kuma an riga an rufe shi ba salla, a yi masa a kan kabarinsa. Wanka ya wuce mu, Baba. Sallar nake so."

"Kin san abin da hakan ke nufi? Katangar nan gajera ce. Duk wanda ya gan ni tsaye a nan ina kabbara, ya san mun ce ba mutanen waje ba ne."

"Na sani. Na je wurin mutum uku kafin kai, duk sun ƙi."

Nata'ala ya kalli butar. Ya kalli katangar, inda kawunan maƙwabta suka riga suka fara leƙowa. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya yi alwala, a hankali, kamar yadda yake juya shafi. Yana miƙewa sai ga Kubura ta shigo, hannunta duk ƙullu, ta wanke a sauran ruwan ta tsaya kusa da Hureira a baya.

Ya fuskanci gabas ya yi kabbara ta farko. Ya yi ta biyu. Kafin ta uku, babur ya tsaya a ƙofar gida, ba a kashe injin ba.

Nata'ala bai waiwaya ba. Ya ɗaga murya yadda za a ji har titi, ya yi ta ukun.